Dala ashirin a allon salula

Da na ji ana neman masu sa kai su gwada wata ƙaramar manhajar rubuta ciniki da bashi, ban yi wata-wata ba na ce zan yi. Manhajar irin buɗaɗɗun nan ce da kowa ke da damar duba cikinsu, ya gyara, ya raba kyauta, kamar VLC da muke kallon fim da shi, wanda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka fara. Da yawa cikin masu rubuta irin waɗannan manhajoji don ra'ayin kansu suke yi, ba su da kuɗin ɗaukar masu bincike, kuma ba su taɓa ganin yadda mai shago a kasuwar Wadata ta Yamai ke riƙe salularsa da hannu ɗaya yana ba da canji da ɗayan ba. Abin da ya ja ni ke nan.

Ban iya rubuta manhaja ba. Aikina in nemo mutane, in ba su abin yi, in zuba ido, in rubuta. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana a 2000 cewa mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja. Sai na nemi biyar, na shirya musu aiki uku: rubuta ciniki, rubuta bashin wani, sannan nemo bashin idan an zo biya.

Na farko wani saurayi ne a fadarmu ta shan shayi a unguwar Bukoki, kuma ni na ɓata gwajin da hannuna. Da na ga yana lalube sai tausayi ya kama ni, na ce masa taɓa nan, koma can. Kafin shayi na biyu ya sauka mun gama, ya ce abin ya yi kyau, takardata kuwa fara fat. Daren nan na gane cewa mutanenmu akwai kara: ba wanda zai dubi idonka ya kushe abin da ka kawo masa. Hannun mutum za ka kalla, da inda yatsansa ya tsaya yana shawagi. Daga nan na koma fara kowane zama da cewa manhajar ake gwadawa, ba su ba, in kuma roƙe su su riƙa faɗin abin da ke ransu da baki yayin da suke taɓawa. Hannuwana kuwa ina ajiye su bisa gwiwa.

Zaman da ba zan manta ba shi ne na wata Hajiya mai sayar da kayan miya a Wadata. Na ce, "Hajiya, ki ɗauka wata ta karɓi tattasai na dala ashirin bashi, ki rubuta." Ta gyara gilashinta, ta danna 20. Na ƙara da cewa matar ta dawo ta ɗauki mai na jaka biyu. Ta danna 2000, kamar yadda yake a jikin takardar kuɗin. Allon ya nuna jimilla 2020. Ta yi shiru tana kallonsa, ni ma na yi shiru, zuciyata na cewa in yi magana. Can ta ɗago ta ce, "Ɗana, wannan abin naka ya ci mini kuɗi."

Gaskiyarta. Dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar a kuɗinmu na Nijar, dala ashirin kuwa sefa 100, don haka bashin 2100 ne. Bakinmu da dala yake lissafi, takardar kuɗi da sefa, manhajar kuma ɗaya kaɗai ta sani. Uku cikin mutum biyar ɗina sun faɗa wannan rami. Ni da na tashi ina ƙirga dala tun ina yaro ban hango shi ba, domin makaranta ta saba mini da juya lissafin a kai ba tare da na lura ba.

Akwai ƙananan abubuwa ma. Alamar ajiya hoton tsohon faifan kwamfuta ne da babu wanda ya gane. Sunan da aka rubuta da ƙ ba ya fitowa idan aka neme shi da k, alhali yawancin salulolin nan ba su da ƙugiyar a madanninsu.

Rahoton na rubuta shi da Faransanci, wani aboki ya mayar da shi Turanci. Ban ce manhajar ba ta da kyau ba. Na rubuta abin da na sa a yi, abin da aka danna, da abin da aka faɗa. Ɗaya daga cikin masu manhajar ya amso yana tambaya, mece ce dala? Na yi masa bayani dalla-dalla, har da cewa Zabarmawa ma haka suke ƙirga kuɗi.

Da sabon zubin ya fito da wurin zaɓar dala ko sefa, na koma Wadata da hantsi. Hajiya ta karɓi salular, ta danna 20, ƙasan lambar ya nuna sefa 100. Ta gyaɗa kai, ta ce in bar mata ita zuwa la'asar, akwai masu bashi da yawa a littafinta.