Godiya ga waɗanda suka zame mini ido

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, likita ya sallame ni, ya kuma yarje mini in koma karatu kaɗan-kaɗan. Saƙonnin da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka duk wanda ya kira bai same ni ba, ko ya turo gaisuwa ya ji shiru, ya yi mini afuwa. An hana ni kallon waya ne.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, tantanin can cikin idona na dama ne ya ɗaye, aka yi mini aikin gaggawa. Aikin kansa bai kai jinyar wahala ba. Cewa aka yi in kwanta rub da ciki, fuska tana kallon ƙasa, ba karatu, ba rubutu. Lauyan da aka hana karatu kuwa an gama da shi.

Lalurar ta zo daidai lokacin da aka miƙo mana kundin wata shari'ar gado da muka ɗaukaka daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Abokan aiki sun san abin da dokokin kotun na 2021 suka tanada: kwana 45 mai ɗaukaka ƙara ke da shi daga ranar da kundi ya iso hannunsa ya shigar da rubutattun hujjojinsa, kuma kada su wuce shafi 35. Ana iya neman ƙarin lokaci, amma da tara a kai, kuma masu shari'ar nan mata ne da marayu waɗanda jira ya riga ya cinye musu shekaru. Maganar tana gaban kotu, ba zan shiga cikinta ba. Abin da zan iya faɗa shi ne takardunmu sun shiga kafin wa'adi ya cika, kuma ba ƙoƙarina ba ne.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga ƙaramar lauyar ofishinmu take. Ta roƙe ni kada in kama sunanta, na kuma amsa. Ita ce ta zo har gida, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Oga, in ka ba ni izini zan sa manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ta taya ni bin kundin nan, don ni kaɗai ba zan gama shi a kan lokaci ba." Ban amsa nan take ba, kuma ina da dalili.

Duk lauyan da ke bin labarai ya ji abin da ya faru a New York a 2023, a ƙarar da wani fasinja mai suna Mata ya shigar a kan kamfanin jiragen Avianca. Lauyoyinsa sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙaga, har da sunayen alƙalai da lambobin shafi. Ɗayansu ma ya koma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000, sunayensu kuma suka zaga duniya. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Ingila ta yanke hukunci a kan irin wannan matsala, inda aka tarar a wata ƙara da aka shigar a kan Bankin Ƙasa na Qatar, cikin shari'o'i 45 da aka ambata 18 babu su sam. Mai shari'a Victoria Sharp ta yi gargaɗin cewa lamarin yana iya kai lauya ga tuhumar raina kotu, har ma a miƙa shi ga 'yan sanda. Ina kwance ido a ɗaure, ba na son in tashi in tarar da sunana a irin wannan layi.

Sai ta zayyana mini yadda za ta yi, na ji hankalina ya kwanta. Ba za ta ɗora ko shafi ɗaya ba sai an cire sunayen mamaci da magada da na unguwanni, don sirrin wanda kake karewa amana ce da ƙa'idojin aikinmu suka ɗora mana, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Za mu sanar da masu shari'ar mu nemi yardarsu. Sannan duk abin da manhajar ta faɗa, sai an gan shi da ido a takarda kafin ya shiga rubutu.

Zan faɗi gaskiyar abin da na gani, ko in ce na ji. Ƙirƙirarriyar basirar nan ta yi mana aiki. Ta jero abubuwan da suka faru tun daga kotun farko bi da bi, kowanne da shafin da yake a kundi. Ta nuna wuraren da maganar shaida ɗaya ta saɓa da abin da ya faɗa lokacin da ake masa tambayoyi. Da rubutunmu ya zarce shafi 35, ta taimaka wajen gano inda muka maimaita kanmu. Ni kuma a gida, yarona yakan ajiye waya a kan tabarma daidai ƙarƙashin fuskata, manhajar tana karanto mini daftarin da murya, in na ji inda bai yi mini ba in ce a tsaya, in faɗi gyaran, ta mayar da shi rubutu. Tana karanta sunayen Hausa kamar baƙon da ya sauka jiya, yara suna ta dariya, amma dai aiki ya tafi.

To, ga inda godiyar ta yi nauyi. A kan wata gaɓa muna buƙatar hukuncin Kotun Ƙoli da zai ƙarfafa mana gwiwa, sai manhajar ta kawo wata shari'a da ta dace da buƙatarmu tsaf, da shekara, da lambar kashi na NWLR, wato littattafan da ke tattara hukunce-hukuncen kotunan Nijeriya, da shafi, har da 'yan layukan da wai mai shari'a ya faɗa. Da aka karanto mini sai da na ce madalla. Yarinyar nan ta nemi shari'ar a LawPavilion, rumbun hukunce-hukuncen kotu na intanet, ba ta same ta ba. Ba ta tsaya nan ba, ta hau Keke Napep da tsakar rana ta tafi ɗakin karatu, ta ciro kashin da aka ambata, ta buɗe shafin. Abin da ke wurin shari'ar bashin banki ce, ba ta da alaƙa da gado ko ta kusa ko ta nesa. Ta kira ni ta ce, "Oga, shari'ar nan ba a taɓa yin ta ba." Daga ranar ta ɗauki kowace hujja da ke cikin rubutun, har waɗanda ni na faɗa da ka, ta bi su ɗaya-ɗaya ta yi hotonsu ta liƙa a fayil. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda zai sani da ta ƙi. Allah Ya yi miki albarka, Ya ɗaukaka ki a wannan aiki.

Ina godiya ga ubangidana wanda na koyi aiki a hannunsa. Da tsufansa ya karɓi daftarin ya bi shi da jan biro. Ba ya ƙaunar waɗannan manhajoji ko kaɗan, ni kuwa yanzu na ɗan saɓa masa a nan, don na ga amfaninsu. Amma ya tuna mini da hukuncin Okafor da Nweke na 2007, inda Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi ba ta da inganci, sai lauyan da sunansa ke cikin rajista. Ya ce, "Ɗana, kotun da ta ƙi karɓar sa hannun ofis, za ta karɓi uzurin cewa na'ura ce ta rubuta? Hatiminka ne a kai." A kan wannan ba ni da ja.

Malaminmu na fiƙihu shi ma ya sha ɗawainiya. Shi ya sake lissafin rabon da hannu bayan manhajar ta ba kowace matar mamaci tumuni cikakke, alhali ɗan Islamiyya ma ya san tumuni ɗaya suke rabawa a tsakaninsu. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Sakataren ofishinmu, wanda ya zauna yana goge sunaye shafi bayan shafi har dare, da injin janareto da ba shi, ban manta ba. Haka magatakardan da ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofis, gidana da rajistarar kotu.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya ji labarin rashin lafiyata, ya kira da kansa ya ce idan har muka nemi ƙarin lokaci ba zai yi suka ba. Ba mu kai ga nema ba, amma na riƙe wannan karamci. Alƙalan da suka ɗage mini wasu shari'o'in, da abokan aikin da suka tsaya a madadina ba tare da sun nemi ko kuɗin mai ba, na gode.

Likitoci da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku da alheri. Uwargida kuwa ban san ta inda zan fara ba. Ita ke ɗiga mini magani a kan lokaci dare da rana, ita ke hana ni satar kallon waya, ta kuma jure faɗan mutumin da zaman wuri ɗaya ya ishe shi. Allah Ya biya ki da Aljanna. Hajiyarmu da ta tara jikoki suna mini addu'a, 'yan'uwa, maƙwabta da jama'ar masallacin unguwa, Allah Ya bar zumunci.

Masu shari'ar da kansu sun zo dubiya, babbar cikinsu ta ce in bar zancen kotu in ji da idona tukuna. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

In sha Allahu mako mai zuwa zan fara leƙa ofis da safe kawai, don har yanzu ba a yarda in daɗe a gaban kwamfuta ba. Waɗanda ayyukansu suka tsaya saboda ni, ku tuntuɓi sakatare ya ba ku lokaci, za mu fara da masu ranar zama a kusa. Idon hagu ma likita ya ce zai ci gaba da duba shi, don haka a ci gaba da sa ni a addu'a.

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri.