Jiran Dawowar Almasihu a Ƙasar da Ake Yaƙi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilu, 2023, 'yan'uwa masu bi da suka yi gudun hijira zuwa Gadarif, a gabashin ƙasar, suke tambaya ko ƙarshen duniya ne ya zo. Ban ga laifinsu ba, domin wanda ya bar gidansa da ƙullin kaya a ka, ƙarar bindiga tana binsa, dole tunaninsa ya kai can. Sai dai a Matiyu sura 24 Yesu ya ce za a ji labarin yaƙe-yaƙe, amma ƙarshen tukuna, kuma a aya ta 36 ya bayyana cewa ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba kaɗai. Mabiyan wani mai wa'azi a Amurka, William Miller, sun sa ranar dawowar Almasihu a 1844, ranar ta zo ta wuce, ta bar su cikin baƙin ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne masu naɗe hannu da sunan jira. Manzo Bulus ya tsawata wa irinsu a Tasalonika, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci. Akwai wata baba a cikinmu da ke sayar da shayi a bakin kasuwa, wadda kullum da asuba takan yi addu'ar zuwan Ubangiji kafin ta hura gawayi, sannan da ribarta take ciyar da marayu biyu na maƙwabciyarta Musulma, har ta sa babban a makaranta.