Shinkafar Kawu ta shiga HAWA a dare na huɗu

'Yan uwa masu koyon SAP MM, sashen saye da ajiyar kaya na manhajar kamfanoni ta SAP, daren jiya wajen ƙarfe 1 buhu 50 na shinkafa suka shiga magazin a MIGO, shafin shigar da kaya da fitar da su, babu jan saƙo ko ɗaya. Alhamdu lillahi! Kwana huɗu ina fama.

A sabar gwaji da na yi haya, shagon kawuna na kasuwar Katako nan Yamai na mayar kamfani. Shi sayowa yake yi ya sayar yadda kayan suka zo. Da na buɗe MM01, inda ake ƙirƙirar lambar kaya, sai na ba shinkafar nau'in ROH, wato ɗanyun kaya, don a kaina ɗanyen abu ce tunda sai an dafa. Saye ya tafi lafiya lau. Da na zo VA01, shafin odar sayarwa, zan sayar, ƙememe abin ya ƙi, saboda ROH yadda SAP ta tsara shi ba ya da shafukan sayarwa, na kayan da za a sarrafa ne. Hajar da ka saya don ka sayar ba ka canza mata komai ba, HAWA ce, daga kalmar Jamusanci Handelsware. Ni dai in na gan ta sunan mace nake fara karantawa.

Na ce to shafin MMAM zai canza nau'in. Ya ce akwai kaya a magazin. Na soke shigarwar da lambar motsin kaya 102, ya ce odar saye tana buɗe. Nan na haƙura na ƙirƙiri sabuwar lambar kaya ta nau'in HAWA.

Ainihin ciwon kan yana gaba. Sabuwar shinkafar ta ɗauki ajin ƙima (lambar da ke nuna asusun da kuɗin kaya zai shiga) 3100, ba 3000 na ROH ba, ni kuwa ban lura ba. Duk lokacin da na danna ajiyewa a MIGO sai jan saƙo M8147 ya fito, wai ba a samu asusun BSX ba, wato asusun kayan magazin. Dare biyu ina komawa MM02, shafin gyara bayanan kaya, ina duba farashi, ina sake odar saye, har OMS2, shafin saitin nau'in kaya, na tona ina zaton alamar sabunta yawa da ƙima ce ta ɓace. Tana nan daram. Intanet kaɗai ya ci mini jika 6, ga wuta da aka ɗauke sau biyu ina tsakiyar aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe saƙon tun farko ya faɗi komai, 3100 tana rubuce a ƙarshensa. A OBYC, inda ake haɗa ajin ƙima da asusu, layin 3000 kawai na cika tun watan jiya. Da yake da jadawalin asusu na SYSCOHADA da ake bi a Nijar nake aiki, 3000 na kai ta rukuni na 32, wato ɗanyun kaya. Haja kuwa 31 ne gidanta. Na ƙara layi ɗaya, 3100 zuwa asusun 311, shi ke nan. WRX, na kayan da suka iso kafin takardar kuɗinsu, dama yana kan asusun 408. Kafin in kwanta na haɗa GBB da VAX, na fitar kayan da aka sayar, zuwa asusun 6031, na fitar da buhu 10 da lambar motsin kaya 601, lissafi ya zauna daidai a kan farashin V, wato matsakaicin farashi mai canzawa.

Yanzu Kawu ya ce zai fara zuba shinkafar a ledar kilo 5 da sunan shagonsa. A ganina buhun ya koma ROH ke nan, shinkafar ƙaramar leda FERT, wato kayan da aka gama haɗawa, ledar kanta VERP, wato kayan ƙunshi. Amma rabin buhunan zai ci gaba da sayar da su a ɗinke. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, lamba ɗaya kuka yi ko biyu? Hayar sabar ranar Juma'a za ta ƙare.