Kafin ka tura wa oganka kyautar godiya ta waya

Ƙannena masu fara aiki, ku matso mu yi wata magana da ba a koyar da ita a jami'a ko a sansanin bautar ƙasa. Kusan kowa in ya shiga aiki akwai wani babba da yake jan sa a jiki ba don an sa shi ba, shi zai gyara maka rahoto kafin ya kai teburin da za a ci maka mutunci, shi zai ce maka wane kar ka yi masa musu a gaban mutane, bari sai an tashi daga mitin. To wata rana za a yi masa canjin wurin aiki ko kai ka samu gaba, sai ka ji kana so ka gode masa da abin da ya wuce fatar baki, ga shi yana Abuja kana Kano, ba yadda za a yi sai ta waya.

Nawa ogan mutum ne da bakinsa ya san daɗi. Ba wai ci da yawa ba fa, sanin abinci. Yana da kwalbar yaji a durowar teburinsa, in aka kawo masa waina loma ɗaya zai yi ya gaya maka ko ƙullin ya kwana ko yis aka zuba masa don gaggawa, kuma kar ka kuskura ka haɗa wainar Bauchi da ta wani gari a gabansa in dai kana son hutun azahar ɗinka. Da irin wannan mutumin kowa zai ce ai abin da sauƙi, abinci za a yi masa kyauta. Ni ma haka na ce, amma sai da na sha kunya kafin na iya.

Farko kuɗi na tura masa. Na shiga manhajar banki na yi transfa na rubuta "na abincin rana", ina jin kaina na yi abin kai. Kafin la'asar sai ga alat, kuɗina sun dawo cif, da saƙo a WhatsApp: "Allah ya yi albarka, amma riƙe ka sa mai a mashin ɗinka." Wallahi ranar ban iya kiran sa ba. A wajenmu kuɗi daga sama suke gangarowa, babba ne ke ba ƙarami, in ba iyayenka ba ne ko wanda ka san yana cikin buƙata to tura masa tsabar kuɗi kamar ka ce ka ga alamar babu a tare da shi ne. Sannan akwai abin da ban ma yi tunaninsa ba, lokacin har yanzu yana cikin masu sa hannu a takardar auna ƙwazona. In aikin gwamnati ne, ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 sun hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi a bakin aikinsa, abin da aka yarje masa shi ne kyautar 'yan uwa da abokai gwargwadon al'ada. Kamfanoni ma da yawa suna da nasu dokokin. Alat da sunanka a akawun ɗinsa shaida ce da ba ta gogewa, ko da zuciya ɗaya ka yi, mai neman sa da sharri ya samu abin riƙewa. Don haka in ƙarin girmanka na hannunsa, ka jira tukuna.

Sai na ce to bari in yi na 'yan gayu, na sayi katin kyauta na wata manhajar odar abinci na tura masa lambar ta imel. Ni da na saya minti biyu ya ɗauke ni, shi kuwa sai ya sauke manhaja, ya yi rajista, ya jira lambar sirri, ya nemo inda ake liƙa lambar katin, mutumin da in wayarsa ta yi gardama ɗansa yake miƙa wa. Yaron ne ma ya gwada daga baya, ashe ba sa kai abinci unguwarsu kwata-kwata, haka katin ya zauna har wa'adinsa ya ƙare. Ni na samu sauƙin turawa, shi na ɗora masa aiki.

Ba na ce katin kyauta ba shi da amfani ba, in ogan naka ɗan zamani ne da ya saba oda da kansa yana iya burge shi. Amma kafin ka biya, ka sa adireshin unguwarsu a manhajar ka gani da idonka ko suna zuwa, don irin su Chowdeck da Glovo suna aiki a Abuja da Legas amma ba kowane gari ba, ba kuma kowane lungu ba. Ka duba ranar ƙarewar katin. Ka lissafa kuɗin kaiwa da 'yan caje-cajen da ake ɗorawa, kar ya zo biya ya ga sai ya cika daga aljihunsa. Kuma kar ka sayi katin da za a ajiye wata da watanni, kasuwar nan juyawa take, a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka daina aiki a Najeriya, a Janairun 2024 kuma Shoprite ta rufe shagonta na Kano. In kuma ogan naka a waje yake, ka sayi katin ƙasar da yake ciki, katin Amazon na Amurka ba ya aiki a shafinsu na Ingila, in gidan abinci ne ka tabbatar na halal ne in shi musulmi ne. Masu tallan kati da araha a WhatsApp kuwa, ka bi su da kallo kawai, sau da yawa an riga an cinye lambar.

Abin da ya yi min aiki a ƙarshe shi ne na daina duba abin da ke cikin waya na koma tuno hirarsa. Na so in haɗa masa alkaki da nakiya da dubulan, Allah ya taimake ni na fara kiran direban da ya daɗe da shi, shi ne ya ce min kul, likita ya hana oga zaƙi tun bara. Ka ga da na sake kwafsawa. Direba, masinja, sakatare, waɗannan su suka san abin da oga yake ci da wanda ya daina, su suka san ko yana azumin Litinin da Alhamis, kar ka aika tsire da zafinsa ranar Alhamis da rana ya huce a leda. Direban ne ya tuna min yadda oga ke mitar tun da ya bar Kano bai ci kilishin da ya kai na Agadasawa ba, duk da ga masu kilishi nan jibge a unguwar Area 1 ta Abuja inda ya koma. Shi kenan. Na samu mai kilishin da na taɓa cin nasa, muka yi magana ta waya, na ce a rage barkono, ya turo min bidiyo yana naɗewa a takarda, na yi masa transfa, aka sa a mota a tasha, na biya ɗan aiken da zai karɓa ya kai har ƙofar gida. Duk ina zaune na yi, amma abin da ya isa hannunsa kilishi ne, ba lamba ba.

In za ka bi wannan hanyar, ka zaɓi abin da ke jure tafiya, kilishi, dambun nama, yaji, zuma, man shanu a robar da ba ta yoyo, daddawa mai kyau in uwargida mai son girki ce. Fura da nono ko miya kar ma ka fara, sai dai in mai yin tana garin da yake. Mai sayarwar da ba ka sani ba, ka fara odar kaɗan wa kanka ka ɗanɗana, hoton Instagram ba ya nuna ko man ya yi ɗaci. Kuɗin kaiwa ka biya shi duka kuma ka ja wa ɗan aike kunne kar ya buɗe baki ya ce a ƙara masa na mai, in oga ya ga dama ya ba shi tukwici wannan tsakaninsu ne. Kuma ka tuna ba shi kaɗai zai ci ba, magidanci ne, in abin bai kai yara su taɓa ba gara ka canja zuwa wanda kuɗinka zai iya yi da yawa. Ba sai ka ci bashin manhajojin nan masu kiran dangi ba, ya san albashinka, wataƙila ma ya fi ka sani.

Gida za a kai, ba ofis ba, don ƙullin kaya a teburin oga a gaban kowa tsegumi ne har ƙarshen wata. In kuma ke mace ce ogan namiji, ko kai namiji ogar matar aure ce, a sa sunan iyali, a ce ga wannan a ba yara, ko ku haɗa kuɗi ku biyu uku ya fita da sunan ku duka, kar abin alheri ya je ya ta da ƙura a gidan mutane.

Saƙon da zai biyo baya kar ka kwafo shi daga intanet. Ni cewa na yi, "Yallaɓai, ranar da na yi kuskure a lissafin ƙarshen wata ka zauna da ni har bayan magariba ba ka gaya wa kowa ba, ban manta ba, ga ɗan kilishi nan a taɓa." Abu ɗaya takamaimai da ya yi maka ya isa, sannan ka kira da bakinka don babba ba a gama masa godiya da rubutu kaɗai. Kuma don Allah kar ka ɗauki hoton rasit ko na kayan ka sa a status kana cewa ka yi wa oga kyauta, lambarka na wayar rabin ofis ɗin, shi ma yana gani.