Litinin, 23 ga Janairu, 2023: an rufe dutsen Hajiya

Yau ba ni da aiki, niyyata in rama barcin da dutin dare uku suka cinye mini. Ban rama ba. Ina idar da sallar asuba na koma gado da waya, wai in duba saƙonni in ajiye, sai ga ni har gari ya waye tangaran ina kallon bidiyon mutanen da ban sani ba suna tafi a ƙofar Splash Mountain, wani wasan kwale-kwale da ke wurin shaƙatawar Disney a nan Fulorida, Amurka. Jiya Lahadi ce ranarsa ta ƙarshe. Yau an rufe.

Ba wai labarin ya zo mini bagatatan ba ne. Tun watan Yunin 2020 Disney suka ce za su sauya shi, ranar rufewar ma tun farkon Disamba aka faɗa. Sau biyu Abban Khalifa yana tambayata ko mu kai yara su yi bankwana, ina ce masa wane mai hankali ne zai tsaya layi saboda kwale-kwalen roba. Jiya kuwa layin ya haura awa uku. Daga gidanmu zuwa can bai kai tafiyar rabin awa ba, in iska ta kaɗo ma muna jiyo wasan wutarsu da daddare. Ban je ba. Ga shi yau abin ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Sanyi da safe, irin hunturun nan na Fulorida marar ƙura. Khalifa ya ƙi kunu, ya ce yana da gudaji. Ya kusa rasa motar makaranta saboda takalmi ƙafa ɗaya, a ƙarƙashin kujera aka same shi kamar kullum. Wanki kwando biyu.

Ina cikin goge firij na tsaya a kan hoton da aka ɗauke mu a cikin kwale-kwalen. Kun san shi, na sha saka shi a nan. Na 2014 ne, lokacin da mahaifiyata Hajiya ta zo jegon Khalifa, saura kwana goma ta koma Kano. Abban Khalifa ya tsaya a waje da jariri, mu uku muka shiga, ni da Hajiya da Ummi, wadda a lokacin take da giɓi a baki. Ni ce na yi ta jan ƙafa, ina cewa Hajiya gwiwarki, Hajiya hawan jininki. Ta ce wadda ta yi jifan Shaiɗan cikin turmutsutsu ba ta tsoron wasan yara, in dai takwararta za ta hau to ita ma za ta hau.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, kwale-kwale ne da aka yi shi kamar kututturen itace, mutum takwas, bibbiyu. Ruwa ke jan shi a hankali cikin wani dutse na ƙirƙira, ana ratsa mutum-mutumin dabbobi masu motsi suna waƙa, kwaɗi da agwagi da su kunkuru. Labarin wani zomo ne da ya bar gida neman jin daɗi, dila da wani ƙaton dabba mai kama da beyar suna bin sawunsa. Ina fassara wa Hajiya a kunne saboda hayaniya. Ba mu yi nisa ba ta dafa hannuna ta ce, “Ke, wannan ai ba zomo ba ne. Gizo ne ya ari riga.” Da ta ga ƙaton nan ya faɗa tarkon da aka ɗana wa zomo, ta ce, “Wancan kuma kura ce, ko sun sake mata fata. Dubi wauta.”

Can gaba aka kama zomo, ya maƙale cikin saƙar zuma. Kiɗa ya sauya, wuri ya yi duhu, kwale-kwale ya fara hawa tudu yana ƙarar sarƙa, ga ungulaye biyu a sama suna yi mana habaici. Ummi ta ƙanƙame ni. Na ce wa Hajiya zomon yana roƙon dila ya yi masa duk abin da ya ga dama amma don Allah kar ya jefa shi cikin sarƙaƙiya. Ban rufe baki ba ta fashe da dariya ta ce, “Ƙarya yake! Gidansu ne.” Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, ba ta taɓa jin sunan wurin ba sai ranar, amma ta riga masu labarin kai ƙarshen labarinsu.

Daga nan sai gangara. Kusan mita 16, kai tsaye cikin ƙayar roba da ruwa. A nan ake ɗaukar hoton. Ni idona a runtse kamar za a yi mini allura. Ummi baki buɗe. Hajiya kuwa hijabinta ya cika da iska kamar laima, yatsa ɗaya a sama. Har ta rasu tana cewa kalmar shahada take yi, mu kuma muna cewa dariya ce ta kama ta, ga haƙorin Makka nan yana walƙiya.

Da muka fito tana matse bakin zane ta ce Nasara sun rasa abin yi, sun zo suna tatsuniya da rana tsaka. Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce, “Amma wa ya ba su?” Na ce oho, Hajiya, su ma suna da nasu. Ta girgiza kai. Muka tafi neman wurin da za ta yi la'asar, maganar ta bi iska.

To yau wajen ƙarfe uku Ummi ta dawo ta same ni zaune a kicin, hoton a hannu, albasar da na ɗauko tun azahar ban ko ɓare ta ba. Ta dube ni ta ce, “Mama, ba dai saboda abin nan ba?” Na ce wane abu. Ta ce ta ga abin da na saka a WhatsApp da safe, kuma ita da a ce ita ce da ta goge, don ƙawayenta suna gani. In ranta ya ɓaci Hausarta guduwa take, don haka abin da zan rubuta fassarata ce, kuma na rage masa yaji.

Ta ce ko na san daga ina aka samo dabbobin nan. Na ce na ji ana cewa wani tsohon fim ne. Ta ja kujera ta zauna, alamar karatu zan sha. Ta ce fim ɗin 1946 ne, Song of the South, wanda ya nuna baƙaƙen fata a gonar Turawa a jihar Jojiya bayan yaƙin basasar Amurka suna ta waƙa da murmushi, kamar wurin da aka bautar da iyayensu gidan biki ne. Ta ce tun fitowarsa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta soke shi. James Baskett, mutumin da ya fito a matsayin tsoho mai ba da labarin, bai halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda dokar wariyar launin fata, duk da cewa daga baya, a 1948, an ba shi Oscar na girmamawa. Su kansu masu fim ɗin rabonsu da kai shi sinima tun 1986, ba su taɓa sayar da kaset ɗinsa a Amurka ba, bai kuma shiga Disney+ ba. Amma suka gina masa dutse a Kalifoniya a 1989, suka ƙara na nan da na Tokyo a 1992. Ta ce, “Fim ɗin da kike jin kunyar nuna wa mutane, don me za ki sa yara su hau shi shekara talatin?”

Na ce to ai babu tsohon a ciki, babu gonar, dabbobi ne kawai. Ta ce wannan shi ne wayon.

Sai ta zo kan abin da ya sa na ajiye wuƙa. Ta ce labaran zomon ba na Disney ba ne, ba kuma na Joel Chandler Harris ba ne, ɗan jaridar Atlanta da ya buga su a littafi a 1880. Shi ma ji ya yi daga bakin bayi a wata gona a Jojiya lokacin yana saurayi. Su kuma bayin kakanninsu ne suka tsallako da su daga Afirka, a ka, tunda ba a bar su sun ɗauko komai a hannu ba. Ta ce a asalin labarin ma ba zuma ce ta kama zomo ba, wata 'yar tsana ce ta kwalta da dila ya ajiye a hanya. Zomo ya gaishe ta ta ƙi amsawa, ya kai mata mari hannu ya maƙale, ya kai ɗayan shi ma ya maƙale. An cire ta daga wasan ne saboda sunanta ya zama zagi ga baƙaƙen fata.

Jikina ya yi sanyi. Wannan ai Gizo ne da 'yar danƙo, wadda mai gona ya kafa don kama ɓarawo. Hajiya ta yi mana ita a tsakar gida ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, muna kwance a tabarma, Yaya tana gyangyaɗi. Ba ina cewa daga Kano aka ɗauko shi aka kai Jojiya ba, mutanen Gana ma suna da irinsa da Anansensu. Kuma mu da muka fito daga garin da aka taɓa cinikin mutane a kasuwar Kurmi ba mu da bakin yin fankama da yawa a wannan zance. Amma dai tambayar da Hajiya ta yi tana matse zane, yau takwararta ta amsa ta, bayan kusan shekara tara, a kicin, da jakar makaranta a kafaɗa.

Na ce mata to kin gani, shi ya sa abin ya dame ni. Fim ɗin a binne shi, ban hana ba. Amma zomon fa? Shi ne kaɗai namu a cikin dutsen nan. Mutanen da aka ɗaure suka yi ta ba 'ya'yansu labarin ƙaramin da ya fi ƙato dabara, aka karɓe aka yi kuɗi da shi, yanzu da aka tashi wanke laifi sai aka haɗa da shi aka zubar. Ta ce za a sa Tiana a wurin, baƙar fata ta farko cikin gimbiyoyin Disney, 'yar New Orleans mai neman na kanta, kuma sun ce zuwa ƙarshen 2024 za a buɗe, gangarar tana nan yadda take. Ta ce ita da tana ƙarama ta so ta ga mai kama da ita a wurin nan fiye da zomo. Na tuna rigar Tiana mai ruwan ganye da ta ƙi cirewa har ta yage a hammata. Ban ce komai ba.

Da a nan muka tsaya da lafiya lau. Amma bakina bai mutu ba, na ce yaran yanzu ba ku san darajar abin da kuka gada ba. Ta miƙe, ta ɗauki lemo a firij, ta ce cikin Hausarta mai tuntuɓe, “Mama, ke ma ai ba ki taɓa yi mana tatsuniyar Gizo ba. Ko ɗaya. A littafin makaranta na gani.” Ba da tsiwa ta faɗa ba, da ma da tsiwar ce da na sami abin kamawa. Ta haye sama.

Na yi ta lissafi ina yanka albasa. Shekara goma sha shida. Na kai su wurin nan ban san iyaka ba, na saya musu zomon auduga, na haddace waƙar har ina rera ta a mota. Ban taɓa kashe fitila na ce ga ta nan ga ta nanku ba. Kullum gajiya, kullum gobe akwai aiki.

Hajiya ta rasu a Afrilun 2020, filayen jirgi a rufe, ta waya na yi zaman makoki. Bayan wata biyu aka yi sanarwar sauya dutsen, a makonnin zanga-zangar kisan George Floyd. A lokacin ko a jikina. Ashe ajiye mini abin aka yi sai yau.

Abban Khalifa ya dawo da labarin wai har an fara sayar da ruwan wurin cikin kwalba a shafin saye da sayarwa na eBay. Ya ce da mun je da jarka da mun huta da biyan kuɗin gida. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Miyar kuka ta yi gishiri, kowa ya ci ya yi shiru.

Da daddare na zauna bakin gadon Khalifa na kashe fitila. Na ce ga ta nan ga ta nanku. Ya ce mene ne. Na ce ka ce ta zo mu ji ta. Ya faɗa yana dariya. Na fara da Gizo da Ƙoƙi, na kai shi gona da dare, sai ya ce me yake sata. Na ce gyaɗa. Sai na ji kamar wake ne. Na kai wurin mari da shuri, ya ji daɗin wannan ƙwarai har ya sa na maimaita. Amma yadda Gizo ya kuɓuta bayan mai gona ya zo, wallahi ya ɓace mini, sarƙaƙiyar zomo kawai ke zuwa kaina. Na ce masa sauran sai gobe. Ya ce haka ake yi? Na ce haka ake yi.

Ƙofar Ummi a buɗe take kaɗan da na wuce, abin sauraro a kunnenta.

Na tura wa Yaya saƙon murya, na ce ta tuna mini ƙarshen, kuma gyaɗa ce ko wake. Ƙarfe goma a nan, huɗun dare a can, sai ta tashi asuba za ta gani. Wankin yana cikin inji ban shanya ba.