Wasiƙa daga Ingila: abin da na gani game da koya wa yara karatu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi da duhun da ke rufowa tun ƙarfe huɗu na yamma.

Tambaya guda ce take ta dawo mini daga wurinku, musamman daga malaman firamare da iyaye mata: wai da gaske ne a nan ɗan shekara shida yana ɗaukar littafi ya karanta da kansa? In haka ne, me ake yi musu? Na amsa wa wannan, na amsa wa wancan, har na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani. Wasu kuma sun roƙi in yi bayanin ɗakunan karatu na unguwa da yadda ake horar da malamai. In wuri ya rage zan taɓo su.

Gaskiya ne, yawancinsu suna karantawa. Ba kuma don sun fi namu kaifin ƙwaƙwalwa ba. Koya musu ake yi, kullum, kaɗan-kaɗan, kuma akwai mai bin diddigin kowane yaro.

Bari in fara da abin da ya fi gajiyar da ni, wato takarda. Yaro a nan yana shiga ajin share fage a watan Satumba bayan ya cika shekara huɗu. Ba a jima ba sai ƙaramar ɗiyata ta fara dawowa da wata 'yar jaka shafaffiya. A ciki akwai littafin labari siriri, da wani ɗan littafi na daban wanda domina aka yi shi. Kowane dare sai na rubuta kwanan wata, da sunan littafin da ta karanta, da shafin da ta tsaya, da kalmar da ta yi mata gardama, sannan in sa hannu. Da safe malama ko mataimakiyarta ta buɗe ta duba, ta rubuta nata a ƙasa. Ranar da aka bar layin fanko sai ka ga 'yar takarda cikin ladabi tana tambaya ko lafiya. Ga wasiƙa daga makaranta a kan sautukan da za a koya a wannan mako, ga wata a kan taron iyaye, ga saƙo a waya yana tuna maka an canja littafi ranar Litinin, ga takardar izini da za ka cike kafin a kai su ɗakin karatu. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, yatsu sun daskare, ya tarar da alƙalami yana jiransa. Na sha yin tsaki a kan wannan, ba zan ɓoye muku ba. Amma ɗan littafin nan shi ya sa babu yadda za a yi yarinya ta yi wata guda tana tuntuɓe a kan harafi ɗaya ba tare da ni da malamarta mun sani ba. Duk yawan takardun nan nasu, wannan kam ya ci kuɗinsa.

An taɓa gayyatar iyaye mu zauna a bayan aji mu kalli darasin. Bai wuce minti ashirin ba. Yara na zaune a ƙasa kan darduma, malama ta ɗaga kati mai harafi ɗaya. Ba sunan harafin take so su faɗa ba, sautinsa take so. Ba ma a fara da jerin a, b, c. Ana farawa da s, a, t, p, i, n, saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya harhaɗa kalmomi da dama tun makon farko. Ta rubuta haruffa uku a allo, ta ɗiga ɗigo a ƙarƙashin kowanne, yara su furta ɗaya bayan ɗaya suna nunawa da yatsa, sannan ta ja layi su haɗe su kalma ta fito. Daga nan ta juya abin: ta faɗi kalma, su tsinka ta sauti-sauti su rubuta a 'yan allunansu su ɗaga sama. Da kallo ɗaya ta san wanda ya samu da wanda ya ɓata. Littafin da ake ba yaro ya tafi da shi gida ma an rubuta shi ne da sautukan da aka riga aka koya masa kawai, don kada ya koma cinke daga hoto. Wannan hanya ita suke kira foniks.

A watan Yuni na aji ɗaya, lokacin yaro yana wajen shekara shida, ana yi masa wani ɗan gwaji. Shi kaɗai da malamarsa, kalmomi 40. Rabi kalmomin gaske ne, rabi kuma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, an zana ɗan dodo a gefen kowace don yaro ya ɗauka sunan dodon ne. Da farko abin ya ɗaure mini kai, sai daga baya na gane hikimar: kalmar da babu ita a duniya ba a haddace ta, dole sai an karanta. Wanda ya samu 32 ya haye. Wanda bai samu ba ana ƙara masa darasi a ƙaramin rukuni, a sake gwada shi a aji biyu. Da aka fara gwajin a 2012, kashi 58 cikin 100 na yara ne suka haye; a 2019 sun kai kashi 82. Su ma ba da haka suka taso ba. Sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a koyar da karatu, har wani bincike da aka yi a yankin Clackmannanshire na Sukotlan da rahoton masanin ilimi Jim Rose na 2006 suka karkatar da gwamnati ga wannan hanya. A gwajin karatu na ƙasashe da ake kira PIRLS na 2021, Ingila ta zo ta huɗu cikin ƙasashe 43.

Ina zaune a bayan ajin nan hankalina ya koma gida. Malam ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda ya faɗa, aji duka su amsa da ƙarfi har na waje ya ji ya ce makarantar nan ana karatu. A cikin wannan amo muryar yara goma da suka iya ce ke ɗauke da sauran. Ka kira yaro ɗaya ka nuna masa kalma daga tsakiyar jimlar, sai ya dubi ƙasa. Haka zai tafi aji uku, aji huɗu, ana cewa ai ba ya ja, alhali ba wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa cewa wannan alamar ga sautin da take yi. Ban ga laifin malamin ba. Shi ma haka aka koya masa, ga yara sun haura ɗari a gabansa, alhali a nan doka ta hana ajin ƙananan yara ya wuce 30. Matsalar kuma ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne aikinmu ya fi nasu sauƙi. Turanci yana da haruffa 26 amma sautuka kusan 44, kuma rubutunsa ba ya riƙe alƙawari: haruffa huɗu iri ɗaya a ƙarshen though da tough da through, kowanne da furucinsa. Shi ya sa yaransu ke shafe shekara biyu zuwa uku a kan abin da yaran Finlan ko Italiya ke gamawa cikin shekara guda. Rubutun Hausa na boko kuwa kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Wasula biyar, baƙaƙe, sai masu ƙugiya ɓ, ɗ, ƙ, da 'yan tagwaye irin su sh da ts da kw. Yaron da ya san sautin b da sautin a ya samu ba. Ya samu ba, bi, bu ya fara haɗa gaɓoɓi. Ba da jimawa ba zai karanta baba da babu da kansa. Tsawon wasali da karin sauti ne ba ma rubutawa, amma yaron da harshen uwarsa ke nan yana cike gurbin daga ma'anar jimla. (Masu buga littattafan yara, don Allah a daina yar da ƙugiya. Babba zai gane daga mahallin magana, mai koyo kuwa an rikita shi.)

Nan ne kuma ba na so a kwafi Ingila ido rufe. Yaronsu yana furta kalmar da ya riga ya sani tun yana goye, da ya haɗa sautukan sai ma'ana ta faɗo masa. Namu in aka fara masa da Turancin da bai taɓa ji a gida ba, ko ya furta daidai bai san me ya ce ba, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda. Karatu furtawa ne da ganewa, in babu ɗaya babu karatu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun riga sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa bisa wannan tsari na sauti da gaɓa. Ashe kayan aikin suna nan. Yaron da ya iya karatu da harshensa ba ya sake koyon karatu daga farko in ya zo Turanci, sababbin sautuka da kalmomi kawai zai ƙara.

Ga malamin da ya rubuto mini cewa duk wannan zancen masu kuɗi ne, ina so ya duba Indiya. Ƙungiyar Pratham tana gwada yara da takarda guda ɗaya tak: haruffa a gefe, kalmomi, 'yan jimloli, sai gajeren labari. A kira yaro shi kaɗai, cikin 'yan mintoci an san inda ya tsaya. Sai a raba yara bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba, na haruffa wuri ɗaya, na kalmomi wuri ɗaya, a ba su sa'a guda ko makamancin haka kullum. An gwada tsarin a Zambiya da kuma Kano. Takardar nan malam zai iya rubuta ta da hannunsa yau da dare. Ranar farko za ta ba shi tsoro, domin zai tarar da 'yan aji biyar a rukunin haruffa, amma daga ranar ya san da wa yake aiki.

Iyaye kuma, minti goma ne. Ki zaunar da shi kusa da ke, ya sa yatsa a ƙarƙashin kalma ya karanta da ƙarfi. In ya tsaya kada ki yi saurin faɗa masa, kada kuma a ɗaga masa murya. Ki ce ya furta baƙin farko, ya ƙara wasalin. In ya gama ki tambaye shi wa ya yi me, don me ya yi. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya wannan tambayar, kuma labarin da take ba shi da baki shi ke tara masa kalmomin da zai tarar a littafi. In yaro yana matse ido ko yana kai littafi dab da hanci, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi a duba idonsa da kunnensa kafin a ce masa daƙiƙi.

Ɗakunan karatu: katin shiga kyauta ne, ko jariri ana yi masa, kuma akwai shirin Bookstart da ke raba wa jarirai littattafai tun 1992. Maganar horar da malamai tana da tsawo, sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. Malaman da suka ce za su gwada takardar nan ta haruffa da kalmomi, ku rubuto mini yara nawa kuka samu a kowane rukuni.

A gaida kowa da kowa.

'Yar uwarku a Ingila