Ba kullum siminti ke da laifi ba

Ina da ƙaramin shagon haɗa haƙoran roba a Jekadafari, cikin garin Gombe. Likitoci ke aiko mana da awon bakin mutum, mu zuba, mu sassaƙa, mu goge. Ƙorafin da ya fi dawo mana shi ne hular haƙori, wato murfin da ake ɗora wa haƙorin da ya lalace, ta fita, galibi garin shan rake ko cin kilishi, kuma nan take sai a ce simintin da aka manna ta da shi ne jabu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, cikin hular ne ba a gyara ba.

Roba mai santsi ba ta kama gam. Mai faci ya san haka, shi ya sa yake kankare tib kafin ya shafa sholisho. Mu da inji muke tamu kankarar: garin alumina, wani gari mai tauri kamar yashi, mai girman maikuron 50 ko 110 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), muke fesawa cikin hular da iska, wurin ya yi kaushi, siminti ya sami abin cafka. Iskar ta yi yawa kuwa, bakin hular ya cinye, sai dai a sake wata, ga kayan aiki daga Legas suke zuwa, farashinsu na bin dala.

Akirilik, wadda ake dasashin roba da ita tun wajen 1937, ba ta da taurin kai. In za a yi mata gyara, a jiƙa wurin da monoma, wato ruwan da ake kwaɓa garin akirilik da shi, kamar minti 3, ta yi laushi, sabon haɗi ya shige ta. Sai dai a zafin bazara ruwan kan bushe da wuri, dole a yi ta ƙarawa.

PEEK, wata roba mai ƙarfi da ake haƙoran roba da ita, ita ce mai gardama. Asid ɗin haidurofulorik da ke cin tangaran ko gezau ba ya sa ta. Masu bincike da asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 98 suke ƙona fuskarta, kuma yana aiki, amma ni ba zan ajiye shi a shagon da yara masu koyon sana'a ke kai da kawowa ba. In na fesa alumina, na shafa visio.link, wani ruwan da ke sa siminti ya kama roba, na haska masa fitila ya ƙame, ya wadatar.

Sauran yana hannun likita. A takardar da ke raka kowane aiki nakan rubuta: ranka ya daɗe, in an gwada a baki a wanke yawu a busar sarai, kuma kada ɓurɓushin simintin wucin gadi mai man kanumfari ya rage a haƙori, don yana hana simintin rezin, wato mai kama da roba, ƙamewa.